Telan da ya cire madubin babur

Tunda ka sayi babur, zauna ka ji labarin wani tela kafin ka fara shiga gari da shi.

Telan nan gwani ne, kuma ƙafarsa ta dama ce ke ciyar da gidansa, don keken ɗinkinsa na takawa ne, bai yarda da na lantarki ba. To, dama da me ya yarda? Mutum ne mai zargi, ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. In ka yaba ɗinkinsa ya ce ragi kake nema, in ka yi shiru ya ce hassada ce. Ranar da ya sayi babur, tun kafin ya kai shi gida ya kwance madubai biyun ya jefa cikin akwatin zare, wai gara ya cire da hannunsa da ɓarayin kasuwa su riga shi. Sai kuma ya tsiri wata ɗabi'a. Duk sanda danja ta tsayar da shi, sai ya mayar da giya firi, ya saki kuloci, ya dafe aljihun da wayarsa take da hannun hagu, yana bin 'yan talla da harara ɗaya bayan ɗaya. A wurinsa duk mai yawo tsakanin motoci da kaya a hannu ɓarawo ne da bai samu sa'a ba tukuna. Bakaniken da ke maƙwabtaka da shagonsa ya taɓa ba shi shawara ya mayar da maduban nan, in ya tsaya a danja kuma ya bar babur a lamba ɗaya, hannu a kuloci, ido a baya, da ɗan fili a gabansa, har sai motar da ke binsa ta tsaya cak. Tela ya yi murmushi ya ce ya gode. A ransa kuwa cewa ya yi, wato so kake kuloci ya ƙone in kawo maka gyara.

Ana nan, wata rana da hantsi ya ɗaure ɗinkin biki a bayan babur zai kai wa masu shi. Danjar da ke ƙasan gangare ta nuna ja, ya tsaya, ya yi yadda ya saba. A wannan mahaɗar akwai wani dogon mutum mai sayar da cajar waya, wanda tela ya daɗe da sa wa ido, don ya lura mutumin aljihun mutane yake fara kallo kafin fuskarsu. Bai taɓa tunanin cewa mai sayar da caja dole ya nemi mai waya ba. Ba zato sai dogon nan ya watsar da kayansa a kan kwalta, ya nufo shi a guje, hannu biyu a sama, yana ihu, “Matsa! Malam, matsa!” Tela ya ce a ransa, yau dai kun fito fili. Ya san dabarar, ko kuma yana ganin ya sani: ɗaya ya ɗauke maka hankali, ɗaya ya zare. Ya ƙara damƙe aljihu, ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman abokin aikin. Masu babura biyu da ke gefensa suka saki kuloci suka fice kamar an tsikare su, ɗaya har ya hau gefen titi, shi kuwa tela ya ɗauka hanya suka ba ɓarayin. Yana jin oda a bayansa, amma yaushe garin nan ya rabu da oda? Sai da ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafarsa sannan ya juya. Tifa ce cike da yashi ta gangaro, birki ya tsinke, direba ya leƙo ta taga yana salati. A nan tela ya tuna a kan babur yake. Ya murɗa totur, inji ya yi kuka a wuri ɗaya, don a firi yake. Ya taka giya ba kuloci, babur ya yi tsalle ya mutu. Tifar ta ɗebi bayan babur ɗin, ta kayar da shi a kan ƙafar telan ta dama, ta ja su a ƙasa kafin ta daki turken fitila ta tsaya.

Dogon mutumin nan shi ya janyo shi daga ƙarƙashin ƙarfe. Shi ya tsinto caja ɗaya cikin kayansa ya ɗaure cinyar tam don jini ya tsaya, ya tare adaidaita sahu, ya rungume shi har asibiti. Wallahi abin da ya fi ba ni tausayi, duk tsawon hanyar nan tela yana nishi, yana kallon mutumin a kaikaice, hannunsa bai bar aljihu ba. Likitoci sun yi iya yinsu, amma ƙafar ba ta ɗauru ba, daga gwiwa aka yanke. Wayar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Yanzu keken yana lulluɓe da tsohon zane a kusurwar shago, shi kuma yana zaune a tabarma yana ɗinka wa wasu teloli maɓalli da allura.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.