Gurbi Goma Sha Tara

"Baba, wace ce wannan?" likitar ta tambaya tana nuna 'yarsa.

Tsohon ya ƙura wa 'yar ido. Jiya hanyar banɗaki ya manta, yau kuma abin ya zo kanta.

Bakinsa ya motsa, amma ba suna ya fito ba, sai lambobi da haruffa ɗaya bayan ɗaya.

"Ruɗewa ce," in ji likitar a hankali.

"Ɗan dakata, likita," in ji 'yar. "Baba, maimaita mini."

Shekara talatin ya yi yana bai wa takardun binciken taurari lambar shaida a rumbun bayanai: shekara, mujalla, shafi, gurbi goma sha tara cif. Yakan ce mutum dubu na iya haɗa suna, lamba kuwa ta abu ɗaya ce tak.

'Yar ta shigar da lambobin a waya. Idan ba a samu komai ba, shi ke nan, Baba ya tafi tun yana raye.

Takarda ta buɗe, ita kaɗai ya taɓa wallafawa. A ƙarshenta ya rubuta: "Godiya ga 'yata, wadda ta yi barci a cinyata har na gama."

"Ita ce," in ji tsohon.