Murhun Bulo Huɗu

Sau biyu Inno tana sa a mayar da magabatan Sharfaddeen, ta ce ba za ta ba mai buga bulo 'yarta Batul ba. Yau ga shi tsugune a tsakar gidanta a Bagadaza, yana jera mata murhun bulo huɗu, don likita ya ce hayaƙi ne ke cinye mata ido.

Ya tura ƙirare ta ramin gefe, ya ƙyasta ashana. Hayaƙi ya turnuƙe gidan. Inno ta hau tari.

"Ka toshe hanyar iska," Batul ta raɗa masa, kanta a ƙasa. "Juya bulon nan."

Ya juya bulon. Wuta ta miƙe ƙarƙashin tukunya, hayaƙin ya ɗauke. Inno ta daɗe tana kallon wutar, idonta ko ƙwalla babu.

"Wannan nawa ne, ba mai ɗaga min shi," ta ce. "Ita kuma sai ka je ka jera mata nata a gidanka."

Batul ta ja mayafi ta rufe fuska. Sharfaddeen ya sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ya ji ashe ya ƙone a yatsa.