Rabon Kakanni

Kulkin farko ya sauka a kafaɗar tsohuwar, na biyu ya tarwatsa tukunyar da kakarta ta dafa giyar furen bishiyar mahuwa a ciki tun kafin jihar Gujarat ta haramta giya.

"Ku farfasa duka!" in ji babban ɗan sandan. "'Yan daji, mashayan banza!"

Tana kwance, baki duk jini, tana kallonsa. Da ya isa tulun ƙarshe, yaransa sun juya baya, sai ya tsoma yatsa ya yarfa ɗigo uku a ƙasa, yadda ƙabilarta ke fitar wa magabata rabonsu. Sannan ya ɗaga kulki.

Ta tofar da jini, ta yi dariya.

"Fasa, ɗan nan. Kakanninka sun riga sun sha nasu."