Mahaƙin Rijiyar da Bai Girgiza Igiya Ba

Lawwali, Barira, Haladu, ku matso ku zauna. Na ji abin da kuka yanke a kan ƙaninku Nazifi da hodar iblis ɗin da yake shaƙa, wai a ƙyale shi, ran da ya gaji shi da kansa zai ce a kai shi asibiti. To, ban yi boko ba, amma ku ji wannan.

An yi wani mahaƙin rijiya da yake aiki da yayyensa biyu. Shi ke shiga rami da dagi, su suna sama riƙe da igiya suna janye ƙasa. Ƙa'idar sana'ar tun kakanni ita ce, na sama ba ya jawo na ƙasa sai na ƙasan ya girgiza igiya, don shi kaɗai ya san lokacin da iska ta yi masa kaɗan, ƙirji ya ɗaure, gwiwa ta saki. Ana nan wani ya kawo masa farar hoda daga birni, ya ce daga ganyen wata bishiya ta ƙetaren teku ake yin ta, da can har likitoci sun yi ta kashe zafin yanka da ita. Ya shaƙa. Hanci ya mutu, yunwa ta tafi, gajiya ta ɓace, ya ji kamar zai huda dutse da yatsa. Rijiyar wata guda ya gama ta a kwana goma sha biyu, gari ya ɗauki yabo. In hodar ta sake shi kuwa, sai ya zube kamar tsumma, ya tashi yana zargin kowa, har ya ce matarsa na sa masa wani abu a tuwo. Ya rame, hanci na zubar da jini. Yayyen duk sun gani. Babban ya ce, "Ba yaro ba ne. In abin ya ishe shi zai faɗa."

Ran nan da hantsi ya shaƙa ya sauka rami mai zurfin gaba goma sha biyar. Rana ta take, dagi na ta bugawa. Iska ta ƙare masa, zuciya na gudu kamar dokin da ake yi wa bulala ba a ba shi ruwa ba, shi kuwa bai ji komai ba, don jin wahala, ɗan saƙon da zai gaya masa ya girgiza igiya, shi hodar ta fara kashewa. Can bugun dagi ya tsaya. Ƙaramin ya ce, "Yaya, mu ja." Babban ya ce, "Hutawa yake, ai bai girgiza ba." Suka bi ƙa'ida, suka jira. Da la'asar suka jawo gawa, da dagin a hannunsa. Babban ya yi shekara ashirin bayan haka, bai ƙara iya shan ruwan rijiya ba sai ya rufe ido.

Ni na haifi Nazifi, na kuma san kunyar bakin unguwa kuke ji. Kunya ba ta taɓa yi wa kowa wankan gawa ba, mu ne za mu yi. Kada wanda ya tashi daga tabarmar nan sai kun tsayar da wanda zai kai shi, da ranar. Ku daidaita, ina saurare. Da na sani ƙeya ce, a baya take.