Saƙonsa a Teburin Lahadi

"Ku yi shiru, yau za su karanta saƙona," ya ce, ya jingina wayar da kwanon romo a teburin abincin Lahadi.

Wata uku yana gardama da yayarsa kan samari biyu masu shirin hirar ƙwallo na intanet, wato fodkas, a Newcastle. Ita ta daina saurarensu, don ba sa ambaton mace sai sun haɗa da cinyarta. Shi kuwa raha yake kiran wannan rashin kunya.

"Ƙaton banza, shekararka arba'in kana yi wa yara tafi," ta ce.

"Ke dai hassada ke cinki."

Ɗaya daga cikin samarin ya karanta saƙon nasa na batsa kan matar da ta yi alƙalancin wasan Asabar, bai tsallake kalma ba, abokinsa yana ƙyaƙyatawa. A teburin ba wanda ya yi dariya.

Mahaifiyarsu ta ajiye wuƙar yanka nama.

"Kunnena ya yi nauyi, ɗana. Kashe abin nan, ka dube ni, ka maimaita mini da bakinka."

Ya buɗe baki. Har dankalinsa ya huce bai samo kalmar farawa ba.