Mayafin Iya Tabawa

Shekara shida ke nan da hana turaren wuta a Kadawa, tun da aka saki ƙananan zanzaro a gonakin tumatir su riƙa kashe tsutsa. Hayaƙi da ƙamshi na hallaka su, kuma duk wanda ya kashe su sai a ƙwace fegin gonarsa.

Da safe Iya Tabawa ta zo tsinkar tumatir. Ɗantani mai gadin ƙofa ya shinshina mayafinta kamar yadda yake yi wa kowa, sai ya ja baya.

"Iya, akwai turare a jikin nan."

"Na marigayiya 'yata ne, ɗan nan. Yau ta cika shekara da rasuwa a gidan mijinta a birni, shi ya sa na ciro shi daga akwati."

"To ki rataye shi a nan, ki ɗauka in kin fito."

Da azahar ta dawo ta tarar Ɗantani ya sauke mayafin ya ninke. Ƙarƙashin ƙusar da ta rataye shi kuwa zanzaro ne matattu birjik, kamar an zubar da barkono.

Ɗantani ya sa takalmi ya ja ƙasa ya rufe su.

"Sauka lafiya, Iya. Yau ban ga komai ba."