Ƙofar Da Ta Kori Direba

Zauna kan bencin nan, Tanimu, ka daina huci kamar kububuwa. Wai ka tarar da motarka a buɗe an ɗauke agogo, don haka yau sai maigadinka ya bar gidan. To saurara tukuna. Ni ban yi boko ba, aji biyu na yi aka koro ni don na fi malamin surutu. Amma shekara arba'in da biyar ina aikin rewaya, gyaran wutar mota, kuma a garin nan wutar da ban taɓa kamawa da hannu ba sai walƙiya.

An yi wani mai kuɗi, irin waɗanda tumbinsu ke riga su shiga ɗaki. Yana da mota mai rimot, da direban da ya shekara goma sha ɗaya yana jan sa, ko madubi bai taɓa fasa masa ba. Rimot ɗin nan kuwa ba ya ba kowa. In sun sauka, direba ya ɗauki jaka ya bi shi, shi kuma sai ya yi taku uku ya ɗaga hannu ta bayan kafaɗa, ko waiwaye babu, ya danna don jama'a su ji. Fitila ta ƙifta, ya wuce yana baza riga. Wata rana direban ya ce masa ƙofar baya ta hagu tana gurnani in an danna, a kai a duba. Shashashan ya ce shi direba ya ɗauka, ba boka ba. Sai kaya suka fara yin ƙafa. Yau turare, jibi hula, ran kasuwa sabon takalmi ko kwalinsa ba a buɗe ba. Gilashi lafiya, makulli ba a ɓalle ba. Da sassafe ya danna rimot a tsakar gida, ya ja ƙofa huɗu, duka gam. Ya ce to, ɓarawon na gida ne. Bai san ƙofar nan da sanyin safiya tana kamawa ba, sai rana ta gasa ta take sakin jiki. Ya kira direban gaban majalisar ƙofar gida, mutum da furfura a gemu da 'ya'ya shida, ya sa aka zazzage masa aljihu. Goro ɓari ɗaya aka samu da asuwaki. Bawan Allah ya rantse har muryarsa ta dushe, duk da haka ya kore shi. Bai tsaya nan ba, la'anannen bakin nan nasa sai da ya zaga gari. Ba wanda ya ƙara miƙa wa direban makullin ko keke.

Sati biyu da yin haka, mai kuɗin shi ke jan kansa. Ran Juma'a rana na dukan ƙwaƙwalwa, ya ajiye mota, ya ɗaga hannu ta bayan kafaɗa ya danna. Aka sallame ya dawo, ga ƙofar baya ta hagu a wangale, an kwashe waya, an haɗa har da shimfiɗar ƙafa. Yau wa zai kora? Tumbinsa?

Sai ga shi wajen wani tsohon rewaya, dogo, kyakkyawa, ba zan faɗi sunansa ba don ni mutum ne mai kunya. Yana isa ya hau ihu a canja batirin rimot, a canja fis. Tsohon ya ce da fis ne ya ƙone ai da huɗun duka sun mutu, ya rufe masa baki. Ya bar motar a rana ta yi zafi, sannan ya riƙa dannawa yana kara kunne ƙofa bayan ƙofa. Uku suka ce ƙwas. Ta huɗu ta yi gurnani kamar tsohon karen da ya gaji da haushi, maɓallin ko motsi bai yi ba. Ya kwance murfin ƙofar na ciki, ya ɗora fitilar gwaji kan waya, ta kama. Wuta na zuwa ke nan, laifin na ɗan injin da ke tura makulli ne. Da ya fasa shi, haƙoran robar ciki sun cinye tas kamar dasashin kakata. Ya ɗaura wani, ya maƙala sandar da ke haɗa shi da makulli, ya gwada sau goma a cikin ranar kafin ya mayar da murfi. Sannan ya kamo hannun mai kuɗin ya danƙa masa robar, ko ƙwallon dabino ba ta kai ba. Ya ce ga wanda ya kamata ka zazzage wa aljihu.

Ranar da yamma mai kuɗin ya lallaɓa gidan direban shi kaɗai, wai ya dawo aiki. Mutumin ya fito soro, kansa duk garin siminti, don dako ya koma. Ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Alhaji, a majalisa ka ɓata ni, a soro za ka wanke ni? Ita ƙofa an sa mata sabon inji. Suna fa, a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Ya juya ya shige gida. Wallahi duk ranar da na tuna, sai in ji kamar in ɗauki sifana in bi mai tumbin nan.

Don haka miƙo rimot ɗin nan, Tanimu, ka matsar da motar cikin rana. Ka bar tsohon maigadin nan ya ci tuwonsa. Kada gobe a wuce ƙofar gidanka ana nuna ka da baki, ana cewa an bar jaki ana dukan taiki.